Shayin Wankin Ciki, Ƙwayoyin Ƙarin Lafiya da Ƙiba a Ƙasashe Masu Arziki: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ke yawan shiga Instagram ko TikTok ya san tallan: budurwa riƙe da kofin shayi, hoton tumbi a hagu, hoton ciki a lafe a dama, an rubuta kwana 14 ko 28 a ƙasa. Galibin kayan nan daga Amurka da Turai salon tallansu ya taso, wato daga ƙasashen da ƙiba ta addaba. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin mutane game da lamarin.

Wai da gaske ne ƙiba ta yi wa ƙasashe masu arziki katutu?

Da gaske ne, sai dai ba dukansu ba. A Amurka, a farkon shekarun 1960, kusan kashi 13 cikin ɗari na manya ne ke da ƙibar da likitoci ke ɗauka a matsayin cuta. Yanzu adadin ya kai wajen kashi 40, wato mutum biyu cikin kowane biyar. A Ingila kashi 15 ne a 1993, ya kai kusan 29 a 2022. Ostireliya da Kanada na wajen kashi 30. Ƙasashen Larabawa masu man fetur irin su Kuwaiti da Ƙatar su ma suna sahun gaba. A ɗaya ɓangaren kuma Faransa ba ta kai kashi 20 ba, Italiya ta fi ta ƙasa, Japan kuwa ko kashi 5 da ƙyar take kaiwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum sama da biliyan ɗaya ne ke da ƙiba a duniya, ɗaya cikin takwas ke nan. Kuma ƙasashen da kason masu ƙiba ya fi yawa a cikinsu ba manyan ƙasashe masu arziki ba ne: ƙananan tsibiran tekun Fasifik ne irin su Nauru da Tonga, inda abincin gwangwani da ake shigo da shi ya kori kifi da doya da kwakwar da mutane suka gada.

Yaya ake gane mutum ya kai wannan matakin?

Da ma'aunin BMI. Ana raba nauyin mutum na kilo da tsayinsa na mita sau tsayinsa. Daga 25 an ce nauyi ya yi yawa, daga 30 an ce ƙiba ce. Mai tsayin mita 1.70 zai shiga matakin farko a kusan kilo 72, na biyu a kusan kilo 87.

Ma'aunin yana da rauni, domin ba ya bambance tsoka da kitse, kuma ba ya faɗin inda kitsen ya taru. Teɓar da ke zagaye da kayan ciki ta fi wadda ke cinya ko ɗuwawu haɗari. Shi ya sa likitoci ke haɗawa da awon ƙugu. Hanya mai sauƙi ita ce kada kewayen ƙugunka ya wuce rabin tsayinka.

In dai arziki ne ke kawo ƙiba, me ya hana Japan kamuwa?

Wannan tambayar ita ce mabuɗin maganar gaba ɗaya. Japan na da kuɗi, na da shagunan abincin gaggawa, na da injinan sayar da lemo a kowace kwana. Amma yadda rayuwa take tafiya a can daban ne.

Ɗauki makarantar firamare. Yaro ba ya zuwa da kuɗin sayen biskit. Da tsakar rana ana kawo abincin da aka dafa a ranar bisa tsarin masanin abinci: shinkafa, kifi ko ɗan nama, ganye, miya, da madara. Yaran da kansu suke sa fararen riguna da huluna, su zuba wa 'yan'uwansu, su ci tare da malaminsu a aji, su share wurin. A 2005 ƙasar ta kafa doka ta musamman kan ilimin abinci. Yawancin yara da ƙafa suke zuwa makaranta, manya kuma a birane suna tafiya zuwa tashar jirgin ƙasa, su hau matakala, su sauka, kullum. Kwanon abinci ƙarami ne, abin sha na yau da kullum kuma shayi ne marar suga.

A 2008 gwamnati ta ƙara da dokar auna ƙugu. Duk mai shekara 40 zuwa 74 ana auna shi a binciken lafiya na shekara; namijin da ya kai santimita 85 ko macen da ta kai 90, in an ga wasu alamun haɗari, sai a tura su wajen masu ba da shawara. Ba a cin tarar mutum, kamar yadda ake yaɗawa a intanet. Kamfanonin inshora da masu ɗaukar ma'aikata ne nauyin ke kansu. Masana na da saɓani kan ko dokar ita kanta ta yi tasiri sosai, domin tun kafin ta Japanawa ba su da ƙiba. A ganina abincin makaranta da tafiyar ƙafa sun fi awon ƙugu aiki nesa ba kusa ba.

To me ya sauya a Amurka da Ingila? Ba kwaɗayi da lalaci ba ne kawai?

Da wuya a ce miliyoyin mutane, maza da mata, yara da tsofaffi, duk sun wayi gari da kwaɗayi a lokaci guda a wajejen 1980. Abin da ya sauya shi ne abincin da ke gabansu. Kwalbar Coca-Cola ta asali ba ta kai mililita 200 ba. Wadda ake sayarwa a gidajen mai na Amurka yanzu ta kusa 600. Zaƙin da ake tatsa daga masara ya yi araha tun daga shekarun 1970, ya shiga lemo da burodi da miyar kwalba. Garuruwa aka gina su don mota, aiki ya koma na zama a kujera. Yau fiye da rabin ƙarfin abincin da Ba'amurke ko Baturen Ingila ke ci daga abincin masana'anta yake zuwa, irin wanda aka sarrafa shi har ba ka iya gane daga wace gona ya fito.

Akwai wani gwaji da ya nuna abin ƙarara. A 2019 Kevin Hall da abokan aikinsa na Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka suka ajiye mutum 20 a asibitin bincike har wata guda. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta, mako biyu ana ba su girkin da aka yi da kayan da ba a sarrafa ba. An daidaita yawan suga da maiƙo da ƙarfin abincin da ake ajiye musu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sai ga shi suna cin ƙarin kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) kusan 500 a rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. A makonnin girkin gida kuma suka sauke kusan kilo ɗaya. Mutanen su ne dai, halinsu bai canza ba, abin da ke cikin faranti ne ya canza.

Wani abin lura shi ne a ƙasashen nan talaka ne ya fi ƙiba. A Ingila yaran unguwannin marasa galihu sun ninka na unguwannin masu hali wajen ƙiba, har da ɗoriya. Soyayyen dankali da lemon kwalba sun fi kifi da ganye araha, kuma uwar da ta dawo daga aiki biyu ba ta da sauran ƙarfin tsayawa a kicin. Wanda ya ce duk laifin mai ƙiba ne bai yi masa adalci ba.

Mene ne wannan ditoks da ake ta talla?

Iƙirari ne cewa akwai guba ko datti da ya taru a jiki, kuma wani shayi, ko ruwan 'ya'yan itace, ko ƙwaya, ko barin abinci na wasu kwanaki zai wanke shi. Mafi shahara a Amurka shi ne haɗin da wani Stanley Burroughs ya yaɗa: ruwa, lemon tsami, zaƙin itacen mafal da garin barkono, a sha kwana goma ba abinci.

Tunanin tsoho ne. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 likitoci da dama sun yarda cewa kashin da ya daɗe a hanji yana ruɓewa ya sa wa jini guba. John Harvey Kellogg ya riƙa ɗura wa marasa lafiya ruwa ta dubura a asibitinsa na Battle Creek da ke Amurka, wani likitan fiɗa na Landan mai suna Arbuthnot Lane kuma har yanke wa mutane babban hanji ya riƙa yi. Bincike ya rushe wannan fahimtar, likitoci suka watsar da ita, 'yan kasuwa suka tsince ta.

Amma ai akwai guba a jiki. Ba ta buƙatar wankewa?

Jiki na samar da abubuwan da dole ya fitar, kuma yana da masu wannan aikin dare da rana. Hanta tana sauya sinadarai masu cutarwa zuwa waɗanda ruwa ke iya narkarwa. Ƙoda tana tace jini wajen lita 180 a kullum, ta mayar da kusan duka, ta fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Huhu na fitar da gurɓatacciyar iska, hanji na fitar da saura. In hanta ko ƙoda ta gaza, mutum na buƙatar asibiti da injin wankin ƙoda, shayi ba zai yi masa komai ba.

A 2009 wata ƙungiyar masana kimiyya a Birtaniya, Sense About Science, ta tuntuɓi masu kayan ditoks 15 ta nemi su kawo hujjar abin da suke faɗa. Ba wanda ya kawo hujja mai gamsarwa, kuma ba a samu biyu da suka yi wa kalmar fassara iri ɗaya ba. A 2015 wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Klein da Kiat, suka tattara duk abin da aka rubuta kan batun, suka tarar ba a taɓa yi wa tsare-tsaren ditoks na kasuwa gwaji mai inganci ba.

Cire guba na gaskiya mun ga yadda yake a gida. A 2010 dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun auna jinin yara, sun san sunan gubar, sun san yawanta, sun ba da maganin da ke kama dalma ya fita da ita ta fitsari, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidaje, sannan aka sake auna jini don a ga ko ta ragu. Mai tallan shayi ka tambaye shi abu uku: wace guba ce, nawa take a jikina yanzu, nawa za ta koma bayan na sha? Ba zai iya amsa ko ɗaya ba.

Ƙawata ta sha, cikin mako guda ta rage kilo uku. Wannan ba shaida ba ce?

Sikelin bai yi ƙarya ba, amma yawancin abin da ya tafi ba kitse ba ne. Jiki na ajiye suga a hanta da tsoka, kusan rabin kilo, kuma kowane giram ɗaya na riƙe da kusan giram uku na ruwa. Da zarar an daina cin abinci sai wannan ajiyar ta ƙare, ruwan ya bi ta. Ki haɗa da hanjin da gudawa ta kwashe, ga kilo biyu ko uku nan. Ranar da ta koma cin tuwo da shinkafa ajiyar za ta cika, nauyin ya dawo. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700, abin da mace ke ƙonawa a kusan kwana huɗu. Kitse kilo uku ba ya narkewa a mako guda.

Me ke cikin shayin rage tumbin?

Juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun. Sau da yawa kunshi biyu ne, na safe da na dare. Na safe na ɗauke da ganyen shayi da sinadarin kafeyin mai sa fitsari da bugun zuciya. Na dare kuma za ka ga an rubuta senna, dangin filaskon da muka sani, wanda kakanninmu ke sha jefi-jefi in ciki ya ɗaure. Maganin sa zawo ne. A babban hanji yake aiki, alhali abinci ya riga ya shiga jini tun a ƙaramin hanji, don haka ruwa da gishirin jiki kawai yake fitarwa.

A Ingila ana gargaɗin kada a sha senna fiye da mako guda sai da izinin likita, ga shi ana sayar da shayin kwana 28. Yawan gudawa na zubar da sinadarin fotasiyam, wanda zuciya ke dogaro da shi wajen bugawa daidai. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa kuma ta sani, gudawa mai tsanani na iya hana ƙwayar aiki.

A 2020 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta gurfanar da kamfanin Teami kan iƙirarin rage ƙiba da warkar da cututtuka ba tare da hujja ba, da kuma biyan fitattun mutane su yi talla ba tare da bayyana a fili cewa biyansu aka yi ba. An yanke masa dala miliyan 15.2, aka karɓi miliyan ɗaya saboda ya ce ba shi da halin biyan sauran.

Filastar da ake liƙawa a tafin ƙafa fa, wadda ke wayar gari baƙa ƙirin?

Masu talla na cewa baƙin guba ce ta fito daga jiki, alhali akwai garin ruwan tsamin itace a cikinta, wanda ke yin duhu in ya jiƙe. Zufa ce ke jiƙa shi. Ɗiga mata ruwan famfo, ko ka kara ta a kan tururin tukunya, za ta yi baƙin nan da warin nan. Hukumomin Amurka sun hana masu Kinoki, wadda ta fi shahara, ci gaba da sayar da ita a 2010.

Ƙwayoyin ƙarin lafiya da ke zuwa daga Amurka, ai gwamnatinsu ta tantance su ko?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Tun dokar 1994, Amurka na ɗaukar bitamin da ƙwayoyin ganye a matsayin wani nau'in abinci. Maganin asibiti sai ya wuce gwaji na shekaru kafin FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta yarda a sayar. Ƙwayar ƙarin lafiya kuwa ba ta buƙatar wannan amincewar. Kamfani ya haɗa, ya zuba a kwalba, ya kai kasuwa. Hukuma sai abu ya ɓaci take shigowa, kuma ita ce za ta tabbatar da cewa kayan na da illa. Shi ya sa a jikin kwalbar za ka ga wani ɗan rubutu da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba, kuma ba a yi kayan don warkar da wata cuta ba. Lokacin da aka yi dokar kayan kusan 4,000 ne a kasuwa, yanzu sun haura 50,000.

Fiye da rabin manya a Amurka na shan irin waɗannan ƙwayoyin. A daidai shekarun da kasuwarsu ta bunƙasa ne ƙiba ta ci gaba da hauhawa. Da suna rage nauyi, da an gani a jikin al'ummar da ta fi kowa saye.

Tunda daga ganye aka yi su, ko ba su yi amfani ba ai ba za su cutar ba?

Tarihi ya ƙaryata wannan. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba a Brussels ta Beljiyam, an ba mata haɗin ganyen Sin da aka yi kuskuren musanya wani tsiro da wani. Mata sama da ɗari ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma kan injin wanki ko dashe, wasu daga baya suka kamu da kansar mafitsara. Tsiron ifidira, wanda aka daɗe ana sayarwa don rage nauyi, ya jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Sai da wani matashin ɗan wasan ƙwallon gora ya yanke jiki ya faɗi a filin atisaye ya mutu washegari a 2003 kafin Amurka ta haramta shi a 2004. A 2013 ƙwayar OxyElite Pro ta lalata hantar kusan mutum ɗari, da dama daga cikinsu a Hawayi ta Amurka, aka yi wa wasu dashe, aka rasa rai. Ko koren shayi, wanda shansa a kofi ba shi da laifi, in aka tatse shi aka dunƙule a ƙwaya mai ƙarfi yana iya taɓa hanta. Hukumar abinci ta Turai ta yi wannan gargaɗin a 2018.

Wani bincike na 2015 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin ƙarin lafiya na kai Amurkawa wajen 23,000 ɗakin gaggawa duk shekara, kuma a tsakanin matasa na rage ƙiba da na ƙara kuzari ne kan gaba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ha'inci. Tsakanin 2007 da 2016 FDA ta gano kaya 776 da aka ɓoye maganin asibiti a cikinsu, akasarinsu na ƙarfin maza da na rage ƙiba. A na rage ƙibar, abin da aka fi samu shi ne sibutiramin, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki. Mai hawan jini na shan abin da aka ce masa zallan ganye ne, ya ga sha'awar abinci ta ɗauke, ya yi murna, bai san me ya haɗiya ba.

Ke nan bitamin duk aikin banza ne?

A'a. Wanda ke da ƙarancin wani sinadari, ba shi sinadarin magani ne na gaske. Macen da ke shirin ɗaukar ciki da mai sabon ciki na buƙatar folik asid, mikrogiram 400 a rana, don kare jariri daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a wajen awo na ceton rayuka. Bitamin A da ake ɗiga wa yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar na kare ido da rage mace-mace. A Birtaniya ana shawartar kowa ya sha bitamin D a watannin sanyi saboda ƙarancin rana. Wanda ba ya cin nama da madara da ƙwai kwata-kwata na buƙatar B12.

Matsalar tana wajen mai ƙoshin lafiya da ke shan su da yawa don rigakafi. Manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Finland a 1994 ɗaya a Amurka a 1996, sun nuna ƙwayar beta-karotin, sinadarin da ke cikin karas da manja, ta ƙara wa masu shan taba kansar huhu. Wani gwajin ya nuna a 2011 cewa bitamin E ya ƙara haɗarin kansar mafitsarar maza da kashi 17 cikin ɗari. Karas da manja ba su yi wannan ɓarnar ba, ƙwayar ce ta yi.

Garsiniya da koren kofi fa?

An gwada garsiniya, wani ɗan itace da ake tallata ƙwayarsa don rage ƙiba, a 1998, waɗanda suka sha ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar bogi rage nauyi ba. Binciken da aka riƙa tallata koren kofi ('ya'yan kofi da ba a gasa ba) da shi kuwa, masu shi sun janye shi a 2014 bayan an kasa tabbatar da alƙalumansa. A shekarar ce majalisar dattawan Amurka ta kira likitan talabijin Mehmet Oz ta titsiye shi kan yadda yake kambama irin waɗannan kayan.

Allurar Ozempic da ake ta magana, ita ma yaudara ce?

Ita magani ce ta gaske, da gwaji a bayanta. Sinadarinta, semagulutayid, na kamfanin Novo Nordisk na Denmak, yana kwaikwayon wani sinadarin hanji da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. An fara amincewa da ita don ciwon suga a 2017, sannan a 2021 da sunan Wegovy don ƙiba. A gwaji mutane sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68. Ta kamfanin Eli Lilly, tizepatayid, ta kai wajen kashi 20.

Amma tana da tsada, tana sa tashin zuciya da amai, kuma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu bisa uku na nauyin cikin shekara guda. Jabunta ma ya cika gari. A 2023 an kwantar da mutane a Ostiriya bayan sun yi allurar jabu da ake zargin insulin ce, maganin sauke suga, a ciki, sugansu ya faɗi warwas, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi. Ba abin saye a WhatsApp ba ce.

Akwai gwamnatin da ta yi wani abu ya yi tasiri?

Meziko ta sa harajin feso ɗaya kan kowace litar lemo mai suga a 2014, saye ya ragu da kusan kashi 6 a shekarar farko. Chile a 2016 ta tilasta buga baƙin tambari a gaban duk kwalin da suga ko gishiri ko maiƙo ya yi wa yawa, ta hana zanen 'yan tsana a jikinsa, ta hana sayar da shi a makarantu. Birtaniya ta yi dabara a 2018: harajin na hawa ne gwargwadon yawan sugan, sai kamfanoni da yawa suka rage suga da kansu tun kafin ya fara aiki. Najeriya ma ta sa naira 10 kan lita a dokar kuɗi ta 2021, kodayake hauhawar farashi ta riga ta cinye ƙarfinsa.

Gaskiya ita ce ba ɗaya daga cikin matakan nan da ya juya ƙiba baya shi kaɗai. Sun rage suga a kofin mutane, musamman yara, kuma sun taɓa tushen matsalar, abin da shayi da ƙwaya ba su taɓa yi ba.

Mu da ke fama da tsadar abinci, me ya haɗa mu da wannan?

Abu biyu. Na farko, abincin da ya ƙibantar da su ya iso mu: lemon kwalba a kowane biki, taliyar leda da safe, shayi mai cokali huɗu na suga. Gwangwanin lemo ɗaya na ɗauke da kusan giram 35 na suga, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba kada ya wuce giram 50 a yini, in ma ya tsaya a 25 ya fi. A gida ɗaya a Kano ko Maradi ana iya samun yaro mai tamowa da uwa mai ciwon suga.

Na biyu, kasuwarmu ta fuska biyu take ci. Wata na neman shayin rage tumbi, wata na neman sha-ka-fashe don ta yi ɓulɓul kafin biki. Abin da ake haɗawa a sha-ka-fashe sau da yawa dekzametazon ne, wani maganin asibiti mai ƙarfi, da maganin buɗe ciki. Kumburin fuska da tara ruwan da yake sawa ba lafiya ba ce, yana jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. Lambar NAFDAC ma a fahimce ta: wadda ake ba maganin gargajiya mai harafin L a ƙarshe na nufin an duba ba a ga guba a samfurin da aka kai ba, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa.

To me ke rage ƙiba da gaske?

Abin da ba shi da daɗin talla. A wani babban gwaji a Amurka da aka fitar a 2002, mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga aka taimaka musu su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su riƙa motsa jiki minti 150 a mako. Haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Ga mai kilo 90, maganar kilo shida ake yi. A Birtaniya, gwajin DiRECT na 2017 ya sa masu ciwon suga kan abinci mai ƙarancin kalori na watanni ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, aka riƙa duba magungunansu, aka dawo da su kan abinci sannu a hankali. Kusan rabinsu ciwon ya lafa bayan shekara.

A aikace: ruwa a madadin lemo, zoɓo da kunu ba tare da an cika musu suga ba, rage malmalar tuwo a ƙara miyar ganye, wake da zogale da gero da dawa, tafiyar ƙafa, barci isasshe. Azumi ma na iya taimakawa in ba a rama da soye-soye da zaƙi a buɗa-baki ba, kuma ma'aunin da hadisi ya ba mu na kasa ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, ya fi ƙarfin duk wani tsarin kwana 14.

Na riga na saya, ina cikin sha. Me zan yi?

In shayin wankin ciki ne ko ƙwayar rage ƙiba, ka daina, ka sha ruwa sosai, in gudawa ta yi yawa ka haɗa da ruwan gishiri da suga. In sha-ka-fashe ne kuma an ɗauki makonni ana sha, kada a yanke shi lokaci guda, domin jiki na iya rikicewa. Likita ne zai rage shi mataki-mataki. Idanu suka yi rawaya, fitsari ya yi duhu, zuciya na bugawa da sauri, ƙafa ta kumbura, ko jiri na ɗibar mutum, a tafi asibiti a ranar. A tafi da kwalin ko kwalbar a hannu, a kuma gaya wa likita duk abin da ake sha, har na gargajiya. Mai juna biyu, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda ko hanta, da mai shan maganin suga ko na hawan jini, kada su fara ko ɗaya daga cikin kayan nan sai sun tambayi likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani.